Injin wanki a ƙasar Adar: a duba bindiga kafin a biya kuɗi

Daga Madawa zuwa Buza da Keita, injin wanki mai matsi ya fara shiga gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikata, bayan ya daɗe a bakin tasha wurin masu wankin mota. Sai dai mafi yawan masu saye babbar lambar da aka rubuta bisa kwali suke kallo, su manta da bindigar da ke ƙarshen tiyo, alhali kuwa ita ce ke yanke hukunci bisa yawan ruwan da za a zubar, da tsawon ran injin, har da lafiyar wanda ke riƙe da ita.

Ƙura, taɓo da jar ƙasa

Duk wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni, ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san Madawa zango ce. A nan manyan motoci ke tsayawa su yi lodin albasar fadamar Tarka, wadda ake kaiwa har Gana da Kodibuwa. A nan kuma hanyar arewa ta rabu, ta hau duwatsun Adar, ta bi ta Buza da Keita da Tamaske har zuwa Tawa. Motar da ta kewaya kasuwannin ƙauyukan wannan yanki ba ta komawa gida da launin da ta fito da shi: da rani ƙura, da damina taɓo, kowane lokaci kuma jar ƙasa mai shiga kowane lungu na ƙarfe. Haka abin yake ga moton malamin makaranta, da na ɗan kabu-kabu, da motar ma'aikatar da ke fita rangadi.

Shekaru da dama bokiti da tsumma da sabulu ne maganin wannan. Daga baya masu wankin mota suka kawo injin, jama'a suka ga yadda ruwa ke fita da ƙarfi yana kankare taɓo cikin ƙiftawar ido, sai masu hali suka fara sha'awar ajiye ƙarami a gida. Da yawa suna kiran injin da sunan Kärcher ko da wane kamfani ne ya ƙera shi, kuma akwai dalili. Wani Bajamushe ne, Alfred Kärcher, ya ƙera injin wanki mai matsi da ruwan zafi na farko a Turai a shekarar 1950, a garin Winnenden kusa da Stuttgart. A 1984 kamfanin nasa ya fitar da ƙarami wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka, daga nan injin ya fito daga masana'antu ya shiga gidaje. Yau kasuwanninmu cike suke da ire-irensa, na Turai da na Sin, sababbi da na hannu, wasu sun biyo ta Yamai, wasu ta Kano da Sakkwato.

Ruwan da aka sha wuya a kansa

Wannan shekara ta 1984, da Turawa ke murnar samun injin wanke mota a ƙofar gida, mutanen Adar ba su manta da ita ba, amma saboda wani dalili daban: shekarar fari ce da yunwa. A cikinta ne aka buɗe Furojen Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da taimakon hukumar abinci da noma ta duniya FAO da shirin samar da abinci na PAM. Mutanen yankin, akasarinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera kunyoyi bisa fako, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka tare ƙoramu da madatsai, suka shuka miliyoyin itatuwa, duk don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya gudu da ita. Tun kafin nan, daga 1975, manoman kwarin Majiya a gundumar Buza sun fara jera layukan dogon yaro tare da ƙungiyar CARE domin tare iska. Ƙasar da ruwan samanta na shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, kuma duka cikin wata uku ko huɗu yake sauka, ba ta da ruwan wasa.

Har a cikin garuruwa haka zancen yake. Mai pompo a gida yana biyan takarda kowane wata, a da ga kamfanin SEEN, daga farkon 2024 kuma ga kamfanin ƙasa NDE da ya gaje shi. Wanda ba shi da pompo yana saye ga ƴan garuwa, bido bayan bido. Hukumar lafiya ta duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini domin sha da girki da ɗan tsabta.

To, a yi lissafi. Ƙaramin injin gida mai aiki da lantarki yakan fitar da lita 350 zuwa 500 a awa. Mu ɗauki lita 400: idan aka danne kunama minti 15 ba sassauci, lita 100 sun tafi, wato bido huɗu na lita 25, ruwan yinin mutum biyar. Injin fetur irin na masu wanki a tasha, mai fitar da lita 13 a minti, zai ƙarar da tano mai lita 200 cikin kwata ɗin awa. Idan kuwa bindigar mai kyau ce, tana yanke ruwa da zarar an saki kunama, kuma bakinta ya dace da injin, rabin wannan ruwa ma ya isa aikin. Bambancin da ke tsakanin bido biyu da bido huɗu a kowane wanki, a ninka shi da makonnin shekara, ya fi kuɗin bindigar nesa ba kusa ba.

Inda matsi ke fitowa

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun farko. Mutane da yawa na zaton pompon injin ne kaɗai ke yin matsi, bindiga kuwa mariƙi ce kawai. Gaskiyar magana, pompon yana tura wani adadin ruwa ne a kowane minti, kuma wannan adadi bai cika canzawa ba. Matsi yana samuwa ne saboda an tilasta wa ruwan fita ta wata ƴar ƙaramar huda, wadda faɗinta bai wuce milimita ɗaya da ɗan abu ba, a cikin bakin feshi da ke ƙarshen sandar bindiga. Yaron da ya toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa domin ruwa ya yi nisa, wannan ilimin ne yake aiki da shi.

Saboda haka kowane inji yana da girman hudar da ta dace da shi, kuma an rubuta girman da lambobi a jikin bakin feshin. Idan mai karatu ya ga 2503, ma'anarsa ruwan zai buɗe da kusurwar digiri 25, girman hudar kuma lamba 03 ce. Huda mai lamba 03 tana wucar da kimanin lita 6,8 a minti idan matsi ya kai bar 100. Mai lamba 04 tana wucar da kimanin lita 9 a wannan matsin.

Ga abin da ke faruwa idan aka yi kuskure. A ce injin mutum lita 6,8 yake turawa a minti. Da baki mai lamba 03 zai samu bar 100. Idan ya sa mai lamba 04, matsin zai faɗo zuwa wajen bar 56. Idan ya sa mai lamba 06, bar 25 kawai zai rage. Ruwan da ke fita bai ragu da ɗigo ɗaya ba, ƙarfinsa ne ya mutu. Aikin minti goma ya koma na rabin awa, tano ya ƙare, taɓo na nan. Sai mai gida ya ce an sayar masa da jabun inji, alhali laifin na wani ɗan ƙarfe ne da bai kai girman dabino ba. Idan kuma hudar ta yi ƙanƙanta, matsin zai haura abin da aka ƙera injin ya ɗauka, ya riƙa tsayawa yana tashi, robobin cikinsa su gaji, motarsa ta yi zafi har ta ƙone.

Lambobi uku da ma'auni uku

Bindiga ta ƙwarai tana ɗauke da lambobi uku a jikinta: iyakar matsin da take jurewa, iyakar litocin da ke iya ratsa ta a minti, da iyakar zafin ruwa. Ƙa'ida ita ce dukan ukun su zarce na injin. Bindigar da ba a rubuta kome a jikinta ba, a bar ta a shago ko da kyauta ce.

A nan ne ƴan kasuwa ya kamata su buɗe ido, domin kayan da ke shigowa ƙasarmu ba da ma'auni ɗaya suke magana ba. Na Faransa da sauran Turai da bar ake rubuta su. Waɗanda suka biyo ta Nijeriya sau da yawa da PSI, ma'aunin Amurka da Ingila. Na Sin kuma wasu da MPa. Bar ɗaya daidai yake da PSI 14,5. MPa ɗaya kuma bar 10 ne. Ke nan kwalin da aka rubuta 2000 PSI da manyan haruffa bar 138 yake nufi, kusan daidai da wanda aka rubuta 14 MPa ko bar 140. Wanda bai san haka ba zai ɗauka na farkon ya ninka na ƙarshen fiye da sau goma, ya biya kuɗin banza. Ko kuma ya ɗaura bindigar da aka rubuta 1500 bisa injin bar 150, yana ganin ta fi ƙarfinsa, alhali iyakarta bar 103 ne.

A kuma lura cewa lambar da ke bisa kwali galibi iyakar matsi ce, wadda injin ke taɓawa na ɗan lokaci. Matsin aiki na yau da kullum yana ƙasa da haka, kuma a ƴar farantin da ke manne a jikin injin ake samunsa, tare da litocin awa. Wannan faranti shi ne katin shaidar injin. Duk mai zuwa sayen bindiga ya kwafi abin da ke jikinsa a takarda, ko ya ɗauki hotonsa da salula.

Akwai kuma wani nau'in inji da ya yawaita wurin masu wanki: pompo mai fistan uku wanda injin fetur ke juyawa da bel, wanda asalinsa domin feshin gona aka ƙera shi. Wannan matsinsa kaɗan ne, bar 20 zuwa 45, amma ruwansa da yawa. Bindigarsa ta tagulla ce mai faɗin huda, ana murɗa ta a buɗe ko a tsuke. Ita da bindigar injin lantarki ba sa musanya. A ɗaura ta tagullar bisa injin bar 130, tana iya fashewa a hannu. A ɗaura ta lantarkin bisa pompon gona, ta shaƙe shi.

Mahaɗin da ke hana barci

Bayan lambobi sai mahaɗi, wato inda tiyo ke shiga bindiga da inda sanda ke fita. Kamfanonin da ke ƙera injinan gida, irin su Kärcher da Bosch da Nilfisk da Lavor, kusan kowanne yana da nasa salon kulli, ana turawa a murɗa, kuma na wannan ba ya shiga na wancan sai da wani ɗan mahaɗi na tsakiya. Injinan fetur da yawancin na Sin suna amfani da zaren da ake kira M22, ko kuma mahaɗi mai saurin cirewa wanda ake jan zobe a saki.

Zaren M22 ɗin nan yana da tarko. Iri biyu ne: akwai mai tsinin ciki na milimita 14, akwai na milimita 15. Daga waje kamarsu ɗaya, kuma zarensu iri ɗaya ne. Amma idan tsini mai 14 ya shiga rami mai 15, robar ba ta kama ba, sai ruwa ya riƙa tsartuwa ta gefe da zarar an kunna. Masu gyara sukan naɗe wurin da robar tayar keke ko da leda, a yi kwana biyu, a koma gidan jiya. Yoyo a injin matsi ba ƙaramin abu ba ne. Injin lantarki an yi shi ne ya mutu da kansa idan aka saki kunama. In akwai yoyo, matsin zai riƙa sauka, injin ya riƙa tashi kowane daƙiƙa kaɗan ba tare da an taɓa shi ba, kuma wannan tashi da tsayawa ne ke kashe shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ya sayi bindiga bai yi wannan ciniki ba.

Maganin mai sauƙi ne: a tafi kasuwa da tsohuwar bindigar ko da bakin tiyon, a gwada a gaban mai shago, kuma a nemi ƴan robobin mahaɗi na ajiya tun ranar. Ga mutumin Keita ko na Buza, wanda sai ya aika Tawa ko Maraɗi ko Ƙonni kafin ya samu kayan gyara, robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba tana iya ajiye injin wata guda.

Launi biyar, aiki biyar

Bakunan feshi masu saurin cirewa suna zuwa da launuka, kuma kowane launi kusurwa yake nufi. Ja, digiri sifili: ruwan na fita tamkar allura, duk ƙarfin a wuri ɗaya. Rawaya, digiri 15. Kore, digiri 25. Fari, digiri 40. Baƙi kuwa mai babbar huda ne, yana sauke matsi domin injin ya ja sabulu.

Ga aikin gida a yankinmu, kore da fari sun wadatar. Kore domin tayoyi da ƙarƙashin mota da daɓen siminti, fari domin fenti da gilashi da moto. Rawaya sai ga taɓon da ya bushe a ƙarƙashin babbar mota. Ja ba shi da aiki a gidan iyali: yana ɓare fenti, yana yanka roba, yana yanka fata. Akwai kuma baki mai juyawa, wanda ke wulwula allurar ruwan cikin da'ira. Yana da amfani bisa siminti da ƙarfe, amma a nisanta shi da jikin mota.

Batun tsawo kuma, gajeruwar bindiga ta fi daɗin sarrafawa wurin wanke moto da lungunan mota, doguwar sanda kuwa tana hutar da baya wurin wanke daɓe, tana kuma nisanta bakin feshi daga ƙafafu. Mai inji ɗaya da ayyuka da yawa ya nemi wadda ake cire sandarta a mayar. Idan akwai mai mahaɗi mai juyawa a gindi, ta fi, domin tiyo ba zai riƙa murɗewa yana karyewa ba. A kuma gwada kunamar da hannu: mai tauri tana gajiyar da yatsu, har mutum ya ɗaure ta da igiya, daga nan kuma ruwa ya daina tsayawa.

Wasu abubuwa kuwa ba a nufa su da matsi ko da wane baki ne. Bangon laka da yaɓensa, ruwan zai zaizaye su. Faifan hasken rana da yanzu ya yawaita bisa rufin gidaje da wurin rijiyoyin burtsatse, masu ƙera shi sun hana a wanke shi da matsi, tsumma mai laushi da ruwa kaɗan da sanyin safiya sun isa. Ragar ladiyeta tana lanƙwashewa. A jikin moto, ruwan matsi na kutsawa cikin boris da sarƙa da wayoyi, ya kori man da ke ciki, ya bar tsatsa. Bayan wata biyu sai a ji ƙara a ƙafa, a ɗora laifi bisa hanya. Taya kuma a bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da bakin feshi.

Rairayi, zafi da wuta

Injinan nan an ƙera su ne domin ruwan pompo mai tsabta da sanyi. Namu yanayin daban ne. Ruwan rijiya ko na tafki ko na bayan madatsa yana ɗauke da rairayi, kuma rairayi a ƙarƙashin matsin bar 100 kamar zarto yake. Yana cin fistan, yana cin ƴar ƙwallon da ke rufe ruwa cikin bindiga, yana faɗaɗa hudar bakin feshi. Huda mai lamba 03 ta koma 04 a hankali, mai gida na mamakin yadda injin ya tsufa da wuri. A bar ruwa ya kwana a tano ya kwanta, a ɗibi na sama, a sa matata a bakin tiyon shiga, a riƙa wanke ta. Bakin feshi na baƙin ƙarfe mara tsatsa ko mai zuciyar tangaran ya fi na tagulla daɗewa, na tagulla kuma ya fi na roba. A wuraren da ruwa ke barin farin gamsa a jikin buta, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da dutsen farar ƙasarta ke ciyar da masana'antar siminti ta Malbaza, a riƙa jiƙa bakin feshin cikin ruwan tsami ko ruwan lemun tsami. Kada a soka masa ƙusa ko allurar ɗinki.

Sai zafi. Yawancin ƙananan injinan gida an rubuta kada ruwan da ke shiga ya wuce digiri 40. A watannin Afirilu da Mayu iskar Tawa kanta tana wuce haka, balle ruwan baƙin tanki da ya yini a rana. A yi wanki da safe ko da marece, tano kuma a inuwa. Injin fetur yana da nasa haɗari: ba ya mutuwa idan an saki kunama, ruwan kewayawa yake yi a cikin pompo yana ƙara zafi. Idan hira ta taso, ko za a goga sabulu, a kashe shi. Kada a bar shi yana aiki fiye da minti biyu bindiga a rufe.

Sai wuta. Injin wat 1800 yana jan wajen amfiya 8 bisa wutar bolt 220, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka. Siririyar wayar ƙari ba ta ɗaukarsa, ƙaramin gurup ma haka. Masu karatu ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa NIGELEC, aka yi watanni ana karɓa-karɓa har zuwa farkon 2024. Wanda aikinsa ya dogara da wanki ya yi wannan lissafi kafin ya zaɓi tsakanin lantarki da fetur. Ko wanne aka zaɓa, ruwa da wuta ba sa ga maciji: a tabbata akwai wayar ƙasa da makashin wuta mai jin yoyo, kuma kada a tsaya cikin ruwa ba takalmi.

Ba abin wasan yara ba ce

Ba banza aka sa mata suna bindiga ba. Likitoci sun nuna cewa matsin da bai wuce bar 7 ba yana iya huda fata idan bakin ya kusa, injin gida kuwa ya ninka haka fiye da sau goma. Mugun abu game da wannan rauni shi ne ƙanƙantarsa a ido: ɗan ɗigo kamar cizon sauro a yatsa ko a ƙafa, alhali ruwa mai datti da sabulu ya riga ya bazu cikin nama. Bayan wasu awoyi wurin ya kumbura, jini ya daina kewayawa, wani lokaci sai an yanke yatsa. Wanda abin ya sama kada ya shafa magani ya kwanta. A kai shi asibitin da ake tiyata, na Madawa ko na Galmi ko na Tawa, cikin wannan yinin, a kuma faɗa wa likita abin da ya huda shi.

Don haka bindigar da za a ajiye a gidan da ke da yara dole ta kasance da makullin kunama. Bayan an kashe injin a danna kunama har matsin da ya saura a tiyo ya fita. Kada a wanke ƙafa ko takalmi da ita, kada a nufi ragon layya ko doki da ita, kada a bar yaro ya watsa wa ɗan'uwansa.

Wani gargaɗi kuma ya shafi yankin albasa musamman. Da yake pompon gona da na wanki dangin juna ne, akwai jarabar a yi feshin maganin ƙwari da safe, a wanke mota ko tsakar gida da yamma da tiyo ɗaya da bindiga ɗaya. Guba tana zama cikin roba, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da ita, kuma matsi yana mayar da ita hazo mai shiga huhu. Kayan gona su tsaya a gona. Haka kuma kada a zuba fetur ko gazuwal ko ruwan jabel cikin injin domin cire maiƙo.

Abin da ya rage ga kowa

Ga ɗan kasuwar da ke kawo waɗannan kaya, riba mai ɗorewa tana cikin ƙananan abubuwa. Wanda ya kawo inji goma ba tare da bindiga ko ɗaya ta canji ba, ba baki, ba roba, ba mahaɗi, ya sayar sau ɗaya ne, kuma ya sayi ƙorafi goma. Wanda ya ajiye bakuna masu lamba 025 da 03 da 035 da 04, da M22 iri biyu, ya kuma koyi karanta faranti, masu wanki daga Bangi har Tamaske za su san ƙofar shagonsa. Araha ba ta ado, kuma a ƙaramin gari labarin kaya marasa kyau ya fi motar kasuwa sauri.

Ga ma'aikacin da ke sa hannu bisa takardar sayen kayan ma'aikata, ya rubuta matsin aiki da litoci a minti da irin mahaɗi, ya kuma nemi a haɗo da bindiga ta biyu. Injinan da ke kwance a ma'ajiyar ofisoshi saboda rashin ɗan ƙarfe ɗaya dukiyar jama'a ce.

Ga mai gida kuwa, tambaya ta farko ita ce ko yana bukatar injin ma. Mai moto ɗaya, bokiti biyu da soso sun ishe shi, kuma boris ɗinsa zai gode masa. Wanda ke da motoci, ko garke, ko daɓen ajiyar kaya, injin zai rage masa wahala da ruwa, muddin bindigar ta dace da shi kuma yatsa ya saba sakin kunama. Ruwan wankin ma a karkatar da shi zuwa gindin itace idan ba mai a cikinsa, a nisanta shi da bakin rijiya idan akwai. Iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsun Keita a ka domin ruwa ya tsaya a ƙasar nan sun cancanci a yi masa wannan ɗan lissafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.